Fashin Baƙi: Da Wane Ma'auni Ake Gane Ko Birnin Kaduna Zai Ɗore?

Tun da aka fara faɗaɗa titunan Kaduna a 2019, gardama ɗaya ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisun unguwa, da cikin motocin haya, da shirye-shiryen rediyo na kiran waya. Wasu na cewa gari ya ci gaba, su nuna maka gadar Kawo, da tagwayen tituna masu fitilu, da Dandalin Murtala da aka sabunta. Wasu kuma su ce ai ba a cin kwalta, su tambaye ka yaushe rabon da famfon gidanku ya kawo ruwa, ko kuwa ina ƙanenka da ya gama bautar ƙasa yake aiki. Kowane ɓangare abin da ya gani da idonsa yake faɗa, shi ya sa ba a tashi da matsaya. Tambayar da ke ƙarƙashin gardamar ita ce, da me ake auna birni? Ta yaya za a gane cewa abin da ake yi a Kaduna yau zai riƙe mutanenta nan da shekara 20 ko 30?

Muna yawan jin jami'ai na ambaton ci gaba mai ɗorewa a wurin taro, har wasu sun ɗauka maganar dashen bishiya ce kawai, wasu kuma na ganin hanyar neman tallafin Turawa ce. Alhali abu ne da ake aunawa da alƙaluma, kuma alƙaluman nan su ne ke yanke inda za a kai asibiti, da wanda za a rushe wa shago, da bashin da 'ya'yanmu za su biya.

Me ake nufi da ɗorewar birni?

A 1987 wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ƙarƙashin Gro Harlem Brundtland, wadda ta yi firaministar Norway, ya ba da ma'anar da har yau ake aiki da ita: mutanen yanzu su biya buƙatunsu ba tare da sun tauye wa masu zuwa damar biyan nasu ba. Daga nan aka saba duba al'amarin ta fuska 3. Akwai tattalin arziki, wato aikin yi da kuɗin shiga da bashi. Akwai muhalli, wato iska da ruwa da ƙasa da shara. Akwai kuma zamantakewa, wato lafiya da ilimi da tsaro da yadda mutane ke zaune da juna.

A 2015 ƙasashen duniya, har da Najeriya, suka amince da muradu 17 da ake son cimmawa nan da 2030, na 11 a cikinsu kuwa na birane ne kacokan. Tambayoyinsa ba na gaibu ba ne. Kashi nawa na mazauna birni ke zaune a matsattsun unguwannin da ba ruwa ba magudana? Mutum nawa ne ke iya samun motar haya cikin tafiyar mita 500 daga gida? Kashi nawa na shara ake kwashewa a kai inda ya dace? Shin filin da gari ke cinyewa ya fi saurin ƙaruwar jama'arsa? Akwai kuma wani ma'auni na duniya da ake kira ISO 37120, wanda ya fito a 2014, aka fara gwada shi a birane 20. Makka na cikinsu, haka ma Minna, maƙwabciyarmu. Jihar Kaduna ita ma ta shiga sahu da wuri, domin a 2017 ta kai rahotonta na muradun zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, abin da babu jihar da ta riga ta yi a Najeriya.

Kafin a yi awo: mu nawa ne a garin?

Kusan duk ma'aunin da aka ambata rabawa ake yi da yawan jama'a: likita ɗaya ga mutum nawa, lita nawa ga kowane mutum, aji ɗaya ga yara nawa. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Najeriya kuwa tun 2006 aka yi ta, inda aka ba Jihar Kaduna mutum miliyan 6.1. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Yaron da aka haifa a shekarar ƙidayar nan yau ya isa kaɗa ƙuri'a, wata ma tana goye da nata ɗan. Duk wani adadi da ka ji game da yawan mutanen Kaduna a yau, hasashe ne da aka ɗora kan wancan tsohon lissafi.

Matsala ta biyu ita ce iyaka. Abin da muke kira garin Kaduna ya ratsa ƙananan hukumomi 4: Kaduna ta Arewa, Kaduna ta Kudu, da sassan Chikun da Igabi. Rigasa, wadda ke cikin unguwanni mafi cunkoso a jihar, a takarda ƙarƙashin Igabi take, tare da ƙauyukan da ke da nisan gaske da birni. Sabon Tasha da Narayi kuma na Chikun ne. Idan aka fitar da alƙaluman ƙaramar hukuma, sai halin ɗan Rigasa ya cakuɗa da na manomin karkara, a rasa gane na kowa. Hukumar kula da birnin Kaduna da aka kafa a 2021 wani yunƙuri ne na ɗinke wannan ɓaraka.

Abin lura, Kaduna gari ne da aka zana kafin a gina. Turawan mulkin mallaka sun dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917, sannan a 1967 wani masanin tsara birane ɗan Ingila, Max Lock, ya fitar da taswirar yadda garin zai bunƙasa har zuwa 2017. Garin ya zarce zanen nesa ba kusa ba. Hayin Ɗanmani, Rigachikun, Gonin Gora, Mararrabar Rido, duk mutane ne suka riga hukuma isa, suka yanka filaye suka gina, titi da kwata da makaranta suka biyo baya, a inda suka biyo.

Tattalin arziki: darasin Kakuri

Duk wanda ke son fahimtar bambancin bunƙasa da ɗorewa, ya je Kakuri. A 1957 gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna, tare da wani kamfanin Ingila, ta buɗe masaƙar KTL. Masaƙar UNTL ta biyo baya a 1964, ga Arewa Textiles, ga Nortex da sauransu. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci, a 1980 aka buɗe matatar mai, wadda ƙarfinta ya kai ganga 110,000 a rana. Auduga na zuwa daga gonakin Funtuwa da Gusau da ƙasar Zazzau, jirgin ƙasa na jigila. Dattawan Kakuri da Makera da Nasarawa suna ba da labarin lokacin canjin aiki, yadda titi ke cika maƙil da kekuna, masu abinci da masu shayi kowa na ciniki har dare.

Da a ce wani ya auna Kaduna a 1980 da yawan ma'aikata masu albashi da kayan da ake sarrafawa, da ya ba ta makin da ba a ba kowa ba a Arewa. Amma awon nan ba zai nuna masa abin da ke ƙasa ba. Injinan da kayan gyaransu daga waje ake sayo su da kuɗin waje. Masaƙun sun dogara da wutar lantarki da baƙin mai mai araha, da kuma dokar hana shigo da atamfa. Da aka shiga shirin tsuke bakin aljihu na 1986 naira ta faɗi, kayan gyara suka yi tsada. Wuta ta lalace. A ƙarshen shekarun 1990 aka sassauta shigo da yadi, ga kuma fasa-ƙwauri ta kan iyakoki. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007. Tsofaffin ma'aikata sun shafe shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama, da yawa sun rasu ba su karɓa ba. Ita ma matatar, da ke jiran ɗanyen mai ta bututu tun daga Neja Delta, ta daɗe ba ta aiki.

Saboda haka mai auna ɗorewa ba ya tsayawa a kan nawa ake samu bana. Yana tambayar daga ina samun yake fitowa, kuma me zai faru idan hanya ɗaya ta toshe. Irin wannan tambayar ya kamata a yi wa sababbin jarin da aka jawo, kamar kamfanin abincin kaji na Olam da aka buɗe a Chikun a 2017, da tashar sauke kaya ta kan tudu da aka ƙaddamar a Kakuri a 2018: mutum nawa 'yan gari suke ɗauka aiki na dindindin, kuma kashi nawa na kayan da suke sarrafawa daga gonakinmu yake?

Sai kuɗin shiga. Harajin da jihar ke tarawa da kanta ya tashi daga abin da bai kai naira biliyan 15 ba a 2015 zuwa sama da biliyan 50 a 2020. Wannan ƙoƙari ne na gaske, domin jihar da ba ta da abin kanta sai ta jira rabon Abuja kowane wata. Amma a ajiye shi kusa da bashi. Bankin Duniya ya amince wa Kaduna rancen dala miliyan 350 a 2017. A canjin gwamnati na wancan lokaci, wajen naira 305 kowace dala, kuɗin ya kama kimanin naira biliyan 107. Idan dala ta kai naira 1,500, kamar yadda aka gani a 2024, bashin nan guda ya koma naira biliyan 525 ba tare da an ƙara ranto ko kwabo ba. Masu kare rancen na cewa ruwansa kaɗan ne, wa'adin biyansa mai tsawo, kuma babu jihar da za ta gina manyan tituna da kuɗin wata-wata. Masu suka na cewa titi ba ya samar da dala, alhali da dala za a biya. A watan Maris na 2024 Gwamna Uba Sani ya ce ya gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85, maganar da ta tayar da ƙurar siyasa wadda ba ita ce gabanmu ba. Ma'aunin da ya shafi talaka shi ne, cikin kowace naira 100 da ta shigo asusun jiha, nawa ke tafiya biyan bashi kafin a zo kan albashin malami da maganin asibiti.

Batun rashin aikin yi kuwa shi ne ya fi nuna yadda alƙaluma ke rikita mutane. A ƙarshen 2020 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce kashi 33.3 cikin 100 na 'yan Najeriya masu iya aiki kuma masu son yi ba su da shi. A farkon 2023 ta ce kashi 4.1 ne. Ba hatsin ne ya ƙaru ba, mudun aka canza. A tsohon tsari sai ka yi aikin awa 20 a mako ake cire ka daga marasa aiki, a sabon tsari kuwa, wanda ya bi na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, awa 1 ta wadatar. Hukumar ba ta ɓoye wannan ba, kuma rahoton nata ya nuna sama da kashi 90 na masu aikin suna sana'o'in da ba su da rajista ne. To amma wanda ya ji adadin a rediyo kawai zai ɗauka ƙarya ake yi masa. A gari irin Kaduna, inda mai digiri ke tuƙa Keke, tambayar da ta fi amfani ita ce ko abin da mutum ke samu yana ciyar da gidansa har ƙarshen wata.

A nan ne nake ganin awon hukuma ke zaluntar wurare irin Panteka. Shiga cikin kasuwar ka tsaya wurin masu zubin tukwane. Yaro ya kawo buhun gwangwanaye da tarkacen alminiyon da 'yan bola jari suka tsinto, a narka a wuta, maigida ya danna ƙasa mai laima a jikin tsohuwar tukunya ya fitar da siffarta, a zuba narkakken ƙarfen, kafin ka gama gaisawa da mutane an fasa ƙasar, ga sabuwar tukunya ana kankare mata baki. Gaba kaɗan masu walda na haɗa injin niƙa da ƙofofi. Wurin nan yana rage shara, yana koya wa matasa sana'a, yana sayar wa talaka kaya daidai ƙarfinsa, kuma ya rayu bayan manyan masaƙu sun mutu. Amma yawancin abin da ake yi a ciki ba ya shiga kowane littafin ƙididdiga. Hayaƙin da yaran ke shaƙa ba takunkumi shi ma ba ya shiga.

Muhalli: iska, ruwa da kogi

A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin biranen da iskarsu ta fi ƙura, Kaduna ta zo ta 5 a duniya da maki 423, a lokacin da hukumar ke cewa kada a wuce 20. Onica ce ta zo ta farko. Ya kamata a karanta adadin da hankali. Wani ɓangare na ƙurarmu hazon hunturu ne da ke tasowa daga Sahara, wanda babu gwamnan da zai hana shi. Sakamakon kuma ya danganta da inda aka kafa na'urar da watan da aka yi awon. Amma ragowar namu ne: janareta a kowane shago, tsofaffin motoci, ƙona bola, ƙona taya wajen babbakar fata, da icen girki. Matar da ke tsugune gaban murhu safe da yamma da jariri a baya ta fi kowa shaƙa, kuma na'urar da ke bakin titi ba ta san da ita ba. Abin da Kaduna ke buƙata shi ne na'urori a unguwanni dabam-dabam masu aiki duk shekara, a riƙa sanar da sakamako kamar yadda ake sanar da hasashen yanayi.

Ruwa ya fi sauƙin ganewa. Rahoto zai iya cewa gida kaza an ja masa famfo daga matatar ruwa ta Malali, amma jan bututu dabam, zuwan ruwa dabam. Ma'aunin duniya yana tambayar ko ruwan mai tsabta ne, ko yana samuwa lokacin da ake buƙata, ko ɗebo shi bai wuce minti 30 zuwa da dawowa ba. Mafi ƙarancin abin da mutum ke buƙata a rana don sha da girki da ɗan tsabta lita 20 ne. Gida mai mutum 8 ke nan yana neman lita 160, wato jarka 6 zuwa 7 masu cin lita 25, kullum ta Allah. A unguwanni da yawa ɗan ga-ruwa ne ke kawo su, yana tura kura tun asuba daga rijiyar burtsatsen wani mai hali, kuɗin jarka kuma yana tashi duk ranar da babu wuta ko mai ya ƙara tsada. Sakamakon shi ne mai ƙaramin ƙarfi yana sayen lita da tsada fiye da mai famfo a gida. Su kuma burtsatsen da kowa ke haƙawa ba tsari, wasu dab da masai, ruwan ƙarƙashin ƙasa ɗaya suke zuƙa, kuma babu wanda ke bin diddigin yadda yake ja da baya duk rani.

Kogin Kaduna ya yi ambaliya mai muni a 2003, ya sake a 2012, kuma kusan kowace damina ana jin kukan mutanen Kigo Road, da Bashama, da Nasarawa, da Rafin Guza. Hukumomin tarayya na fitar da gargaɗi duk shekara. Ƙidayar gidajen da ruwa ya ci bayan an yi ɓarna ba awon ɗorewa ba ne. Awon shi ne gida nawa ke tsaye a hanyar ruwa tun kafin damina, waye ya sayar da filin, waye ya sa hannu, kuma kwata nawa aka yashe. A nan shara ke haɗuwa da ambaliya. Inda motar shara ba ta shiga lungu, da hadari ya haɗo za ka ga yara na fitowa da bokitai suna juyewa a kwata don ruwa ya tafi da ita. Ba ta zuwa ko'ina sai ƙarƙashin gadar unguwar gaba, leda ta toshe, ruwa ya koma ɗakunan mutane.

Zamantakewa: abin da kogin ya raba

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi wuyar sa wa lamba, kuma a Kaduna shi ne mafi nauyi. Rikicin shari'a na 2000, da na gasar sarauniyar kyau na 2002, da na bayan zaɓen 2011 sun sake zana taswirar garin fiye da duk wani mai tsara birane. Iyalai sun sayar da gidajensu da asara, Musulmi suka tattara mafi yawa a arewacin kogi, Kirista a kudanci. Unguwanni irin Barnawa da har yanzu ake zaune a cakuɗe sun zama abin nuni. Akwai matasa a yau da suka girma ba su taɓa zama aji ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba.

Ana iya auna wannan idan ana so. Makarantun gwamnati nawa ne ke da ɗalibai daga ɓangarorin biyu? Mai gida zai ba wanda ba addininsu ɗaya ba haya? Mace za ta iya tsallaka gada bayan magariba hankalinta kwance? Tambayoyi ne da ake yi wa mutane gida-gida, a maimaita bayan shekara 2 ko 3 a ga ko an matsa. Aikin sulhu irin wanda Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye suka faro tun 1995, da na hukumar zaman lafiya da jiha ta kafa a 2017, da irin wannan awon ne za a san ko yana ratsa unguwanni ko a ɗakin taro yake tsayawa. Rabuwar tana da farashi ko ta fuskar kuɗi: mai jari yana tsoron garin da dokar hana fita za ta iya rufe shi dare ɗaya.

Ta fuskar tsaro, gwamnatin jiha ta yi wani abu da ya cancanci a riƙe. Ta riƙa fitar da rahoton mutanen da aka kashe da waɗanda aka sace: mutum 937 aka kashe aka sace 1,972 a 2020, sannan 1,192 da 3,348 a 2021. Adadi ne mai ɗaga hankali, kuma bai yi wa gwamnatin da ta fitar da shi ado ba, shi ya sa nake ganin darajarsa. Yawancin ɓarnar a karkara ta faru, amma birni ne ke karɓar waɗanda suka tsere. Su ne ke cunkushe a ɗaki ɗaya a gefen gari, 'ya'yansu ba makaranta, gonakin da suka bari kuma su ne ke sa masara tsada a Kasuwar Kawo. Harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na 28 ga Maris 2022 ya nuna cewa ko aikin da aka fi alfahari da shi, tsaro ne ke riƙe da shi.

Talauci ma yanzu ba da kuɗi kaɗai ake auna shi ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ya duba lafiya, ilimi, yanayin gida, da aikin yi, ya gano 'yan Najeriya miliyan 133, kashi 63 cikin 100, na cikin talauci ta fuskoki da yawa.

Inda ma'aunan ke cin karo da juna

Da a ce fuskokin 3 tare suke tafiya, da babu gardama. Sau da yawa gyara ɗaya ɓata ɗaya ne. Faɗaɗa titi yana rage cunkoso da ɓarnar mai, amma ya ci manyan bishiyoyin da suka shekara da shekaru suna ba da inuwa, kuma dashen da aka maye gurbinsu da shi sai ya daɗe kafin ya yi amfani. Da gas ɗin girki ya yi tsada, gidaje suka koma gawayi: uwargida ta sami sauƙi a aljihu, daji ya biya.

Rusau shi ne misali mafi zafi. Lokacin da aka rushe Kasuwar Barci a 2020 don a sake gina ta, hujjar hukuma ita ce cunkoso, da haɗarin gobara, da rashin hanyar motar kashe wuta, da buƙatar kasuwa ta zamani mai kawo haraji. Hujja ce mai ƙarfi, duk wanda ya ga gobarar kasuwa ya san haka. 'Yan kasuwa kuma suka ce wa'adin ya yi kaɗan, sababbin shaguna sun fi ƙarfin ɗan tebur da mai ɗinki, ciniki kuma ba ya jiran gini. Idan shaguna aka ƙirga, aikin ya yi nasara. Idan aka ƙirga mutum nawa cikin tsofaffin 'yan kasuwar suka koma wurinsu, labarin zai iya bambanta. A ganina awo na biyun ne ya kamata a riƙa sa wa kowane aikin sabunta gari tun kafin katafila ta iso: a rubuta sunayen waɗanda abin zai shafa, a dawo bayan shekara 2 a ga inda suke.

Shi ya sa ya kamata a yi hattara da duk rahoton da ya dunƙule komai ya ba birni maki ɗaya ko matsayi a jeri. Kafin a kai ga makin, wani ne ya zauna ya yanke cewa titi nauyinsa kaza, ruwa kaza, tsaro kaza. Canza nauyin kaɗan, sai na 3 ya koma na 10. Matsakaicin lissafi ma yana ɓoye bambanci: idan aka haɗa Unguwar Rimi GRA da Rigasa aka raba biyu, adadin da zai fito bai yi kama da rayuwar kowa a cikinsu ba.

Abin da ya shafi mai ƙaramin ƙarfi

Unguwar da ba a ƙirga ba, ba ta shiga kasafin kuɗi. Idan takarda ta ce mazaɓa na da mutum 40,000 alhali sun ninka haka, ma'aikatan jinya da allurar rigakafi da kujerun makaranta na mutum 40,000 za a aiko. Don haka idan ma'aikatan hukumar ƙididdiga ta jiha suka ƙwanƙwasa ƙofa, korarsu ko rage yawan 'ya'ya don tsoron haraji, unguwa ake cuta.

Akwai ƙofofin da aka riga aka buɗe. Kaduna ta shiga shirin gudanar da gwamnati a buɗe na duniya a 2018, kuma akwai tsarin da al'umma ke rubuta buƙatunsu a miƙa kafin a tsara kasafi. Ƙungiyar unguwa da ta je da rubutaccen lissafi, kwana nawa famfo ya kawo ruwa a wata, yara nawa ke aji ɗaya a firamare, gida nawa ruwa ya shiga bara, ta fi wadda ta je da koke kawai samun kunnen kansila da ɗan majalisa. Lissafi ne da limami da fasto da mai unguwa da shugabar mata za su iya haɗawa da littafi da biro.

A ɓangaren gwamnati, jihar na da mazaɓu 255, kuma rahoton 2017 ya riga ya ajiye awon farko. Kafin wa'adin 2030 ya cika, ya kamata a sake yin tambayoyin nan ba tare da an canza su ba, a fitar da amsar mazaɓa-mazaɓa, a fassara ta da Hausa, a manna a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma, a kuma karanta a rediyo. Rahoton tsaro na kowane wata 3 shi ma a mayar da shi doka, yadda fitowarsa ba za ta dogara da ra'ayin wanda ke Gidan Sir Kashim, wato gidan gwamnatin jiha, ba.